Darasi na 9: Haɗa Kuɗin Cefane Don Sayen Sari

A kowace unguwa, wanda ya fi kowa sayen abinci da tsada shi ne wanda ya fi kowa ƙarancin kuɗi. Mai hali yakan sayi buhun shinkafa ya jingine a ɗaki, ya manta da zancen har wata ya ƙare. Lebura kuwa, da mai wankau, da matar da ke riƙe da marayu, sai su auni gwangwani biyu da safe, da yamma su aika yaro ya sayo man gyaɗa na ƙulli da sukari na leda. Idan aka tara abin da suka kashe a wata, aka auna shi da abin da ya shiga tukunya, za a tarar sun biya kowane kwano fiye da yadda mai buhu ya biya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kafin masara ta iso teburin mai awo na bakin layi, ta bi hannu da yawa: manomi, mai saye a kasuwar ƙauye, dillali, babban ɗan kasuwa, ɗan sari. Kowannensu ya biya mota da dako, kowanne kuma ya ɗora ribarsa, kuma halalinsa ne. Wanda ke ƙarshen layi shi ke biyan duka. Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya ƙara nauyi a kan kowane buhu, har a tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce tsadar kayan abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a kan ta shekarar da ta gabata. Gida ɗaya ba shi da ikon sauya farashin fetur. Amma gida goma suna iya tsallake hannu ɗaya ko biyu daga cikin waɗancan hannaye, su je inda ake sayar da buhu su yi ciniki da baki ɗaya. Wannan darasi zai nuna yadda ake yi, da yadda ake lissafin ko an ci riba, da kuma inda abin yakan lalace.

Daga watanda za mu fara

Ba sabon abu za mu koya ba. Duk wanda ya taɓa shiga watanda ya san ginshiƙin al'amarin. Sallah ta matso, kilon nama a wurin mahauci ya yi tsada, sai mutum ashirin su zuba kuɗi, a wakilta biyu ko uku waɗanda suka san dabba su tafi kara, irin ta Wudil ko Maigatari ko Potiskum, su sayo sa. A yanka a gaban kowa, a kasa kashi ashirin, kowane kashi da tsokarsa da ƙashinsa da kayan cikinsa. Fata da kai da ƙafafu a yi musu kuɗi a rage wa jama'a nauyi. Mata kuma sun daɗe da adashi, sun san zubi da kwasa, sun san uwar adashi mai amana da wadda ba a sake ba ta kuɗi.

Abin da ya rage shi ne a ɗauki wannan dabara da ake yi sau ɗaya ko sau biyu a shekara, a mai da ita ta kowane wata, a kan masara da gero da shinkafa da wake da mai da sabulu. Sai dai hatsi ya fi sa wuyar sha'ani ta fuska ɗaya: sa ana cinye shi a kwana uku, zumuncin bai kai ga gwaji ba. Cefanen wata-wata kuwa yana gwada haƙurin mutane da amanarsu sau goma sha biyu a shekara.

Me ya sa mai kaya yake yin ragi?

Kada wanda ya je kasuwa da tunanin za a rage masa don tausayi. Ɗan kasuwa yana ragi ne idan ya ga abin da zai samu. Ƙungiya tana zuwa masa da yawa, buhu biyar ko goma a tashi ɗaya, ya huta da awo da leda da zaman jiran mai saye. Tana zuwa masa da kuɗi hannu, alhali rabin jarinsa yana hannun masu bashi. Abin da ya fi waɗannan biyu daraja a wurinsa shi ne tabbacin za a dawo. Ciniki guda da zai maimaitu duk wata ya fi masa cinikin bazata uku.

Ga yadda irin wannan ciniki yakan gudana a kasuwar hatsi irin ta Dawanau da ke bakin Kano. Wakilan ƙungiya sun riga sun zaga rumfa uku sun ji farashi kafin su tsaya a ta huɗu. Ɗayansu ya sa an soka wa buhu ƙarfen nan mai rami, daga sama da tsakiya da ƙasa, ya tara ƙwayar a tafin hannu, ya hura ya ga ƙaiƙayi, ya jefa ɗaya a baki ya ciza. Ta yi ƙas, alamar ta bushe ke nan.

"Alhaji, nawa buhu?"

"Dubu arba'in da huɗu."

"Biyar muke so, kuma kuɗi hannu. A bar mana arba'in da biyu."

"Albarka, Malam. Ko ni ban saro haka ba."

"Gida goma ne suka aiko mu, Alhaji. In kayan sun yi kyau, wata mai zuwa ma nan za mu sauka, har da wake."

"To, ku kawo arba'in da uku. Na sallama."

A lura da abin da ya karya farashin. Ba magiya ba ce, zancen wata mai zuwa ne. A lura kuma cewa wakilan sun san farashin rumfunan baya, saboda haka da Alhaji ya ƙi, da sun yi sallama sun wuce ba tare da fushi ba. Wanda ba zai iya juya baya ya tafi ba, ba ciniki yake yi ba, roƙo yake yi. Shi ya sa ba a jira sai garin tuwo ya ƙare a gidaje sannan a tafi kasuwa. Ana zuwa ne da sauran na mako guda a ɗaki.

Yadda wasu suka yi a wasu ƙasashe

A garin Rochdale na Ingila, kusa da Manchester, ma'aikata 28, da yawansu masaƙa, sun gaji da sayen garin alkama da aka gauraya da alli, da ma'aunin da aka tauye. Suka riƙa zuba kwabo biyu-biyu a mako har suka tara fam 28. A ranar 21 ga Disamba, 1844, suka buɗe ɗan shagonsu a wani layi mai suna Toad Lane, kayan ciki ba su wuce garin alkama da sukari da man shanu da garin wani hatsi da 'yan kyandirori ba. An yi irin waɗannan shaguna kafin nasu, da yawa sun mutu. Nasu ya rayu saboda ƙa'idojin da suka kafa: ba bashi, kaya masu kyau da cikakken awo, kowane ɗan ƙungiya ƙuri'arsa ɗaya ko nawa ya zuba, rarar da aka samu kuma a raba gwargwadon sayayyar da kowa ya yi. Waɗannan ƙa'idoji su ne tushen da ƙungiyoyin gama-kai na duniya suka ginu a kai.

Misali na biyu ya fi kama da abin da muke magana. A 1965, matan aure kimanin 200 a unguwar Setagaya ta birnin Tokyo, a Japan, suka haɗu don su sayi madara da rahusa. Ƙungiyar, mai suna Seikatsu Club, ta zama ta gama-kai a 1968. Dabararsu ita ce gidaje kaɗan na maƙwabta su haɗu, kowa ya faɗi abin da yake so tun kafin lokaci, a kai wa mai kaya jimilla, a sauke a gida ɗaya su raba. Mai kaya ya san abin da zai sayar tun bai samar da shi ba, babu kwantai, don haka ya yarda ya rage. Da suka yi ƙarfi sai suka wuce zancen farashi, suka fara gindaya sharaɗin ingancin abin da za a kawo musu.

Kusa da gida kuma, a jihar Maraɗi ta Nijar aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a 1991 da taimakon ƙungiyar CARE, mata suna zubi mako-mako a akwati ɗaya suna ranta wa juna. Tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama. A ƙauyukan Nijar da yawa akwai kuma bankunan cimaka, inda ake sayen gero da kaka a ajiye, a sayar wa mutanen gari da sauƙi idan damina ta tsaya, rumbuna sun yi ƙasa.

Lissafin da ba a tsallakewa

Nan ne zuciyar darasin, kowa ya ɗauki alƙalami. Farashin da ke ƙasa misali ne kawai don koyo. Kowane aji ya sa na kasuwarsa.

A ce kwanon masara a unguwa naira 1,500 ne. Wakilai sun sayo buhu biyar a kan 43,000 kowanne, kuɗin ya kama 215,000. Ana cewa buhu kwano 40 ne. Mai gaggawa zai raba 43,000 gida 40, ya sami 1,075, ya shiga gari yana shelar an sami ragin naira 425 a kowane kwano. Bai gama lissafi ba.

La'adar dillali, 500 a buhu: 2,500.
'Yan dako, 300 a buhu: 1,500.
Motar kaya, 1,500 a buhu: 7,500.
Kuɗin motar wakilai biyu da abincinsu: 4,000.

Waɗannan sun taru sun zama 15,500. A haɗa da 215,000, masara ta iso ƙofar gida a kan 230,500. Da aka zazzage aka auna da kwanon unguwa, sai kowane buhu ya ba da 38, ba 40 ba. Haka yakan faru, don kwanon wata kasuwa ba ɗaya yake da na wata ba, hannun mai awo ma ya bambanta. Kwano 190 ke nan gaba ɗaya. A raba 230,500 gida 190, kowane kwano ya tashi a kan naira 1,213 da 'yan kwabbai. Ƙungiya ta tsayar da shi 1,220 don sauƙin lissafi, rarar naira 1,300 ta shiga asusu.

Ragin gaskiya, ashe, naira 280 ne a kwano. Gida goma, kowanne kwano 19, kowane gida ya tsira da naira 5,320. Ba dukiya ba ce, amma kuɗin sabulu da gishiri da ashana na wata ne, kuma a masara kaɗai. Mutanen da aka yi wa alkawarin 425 suka ga 280 za su ce an ci kuɗinsu. Waɗanda aka zauna aka yi lissafin nan a gabansu za su yi godiya.

Akwai wani abu a cikin lissafin. Kuɗin motar wakilai 4,000 ne, ko buhu ɗaya aka sayo ko goma. A buhu biyar, kowanne ya ɗauki 800; da buhu ɗaya ne, shi kaɗai zai ɗauki dubu huɗun. Saboda haka tafiya kasuwa mai nisa don kaya kaɗan wahalar banza ce. Gara a haɗa masara da wake da gero a tafiya guda. A Kano, mai son katan ɗin taliya da jarkar mai da buhun sukari Kasuwar Singa zai nufa. Kowane babban gari yana da irin tata.

Ba kowane kaya ake haɗa kuɗi a kansa ba

Hatsi, shinkafa, wake, manja, man gyaɗa, sukari, gishiri, sabulu: waɗannan suna jira. Tumatir da alayyafo ba sa jira. Kwandon tumatir yana da arha, amma idan ba a raba shi ranar da ya iso ba, washegari na ƙasa ya zama ruwa, sai fa in an shirya yanka shi a shanya. Sabuwar ƙungiya ta fara da kaya biyu ko uku waɗanda kowane gida ke ci. Shinkafa takan jawo gardama, wannan yana son 'yar gida, wancan 'yar waje. A yanke shawara a zaune kafin a karɓi kuɗin kowa.

Lokaci ma ciniki ne. Hatsi ya fi arha da kaka, ya fi tsada daga bazara zuwa tsakiyar damina. Ƙungiyar da ta iya tara kuɗi ta sayi na wata uku ko huɗu da kaka ta fi wadda ta iya taya ciniki samun ragi. Sai dai ajiya tana da nata haɗari. Sabon hatsi da bai gama bushewa ba yana raguwa kuma yana yin fumfuna. Wake kuwa ƙwari ne abokan gabarsa. Akwai buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙira aka yaɗa shi a Najeriya da Nijar. Idan aka ɗaure kowace leda tam, iska ba ta shiga, ƙwarin su mutu ba tare da an zuba magani a abincin da yara za su ci ba. A ɗora buhuna a kan katako, kada su taɓa ƙasa ko bango. Kuma a sani ba kowace shekara farashi ke hawa yadda aka zata ba, don haka a sayi abin da za a ci, kada ƙungiyar cefane ta koma masu ɓoye abinci suna jiran tsada.

Ranar rabo

Ƙungiyoyi ba kasafai suke mutuwa a kasuwa ba, a tsakar gida suke mutuwa, ranar rabo. A shimfiɗa tabarma ko leda a wuri mai haske. A zazzage buhunan duka a gauraya, don kada wani ya sami na buhu mai tsakuwa, wani na mai kyau. Kwano ɗaya za a yi amfani da shi, mutum ɗaya zai auna daga farko har ƙarshe, kuma a amince tun farko ko da tozo za a auna ko shafe. Mai awon shi zai ɗauki kasonsa a ƙarshe. Kafin a taɓa kwano, magatakarda ya karanta abin da aka tara da abin da aka kashe da ƙarfi, saboda waɗanda ba su iya karatu ba tukuna. Mai riƙe kuɗi daban, mai rubutu daban, masu zuwa kasuwa kuma a riƙa sauya ɗaya daga cikinsu kowane wata, ta yadda kowa zai san hanya kuma ba wanda zai ƙulla wata ma'amala ta gefe da dillali.

Kada a bar mata a baya wajen shawara, ko da ba su za su je kasuwa ba. Uwargida ce ta san kwano nawa gidanta ke ci, ita ta san shinkafar da ke auki da wadda ke caɓewa. Maigidan da ya yi alkawarin kwano goma sha tara bai tambaye ta ba, sai ka ga a tsakiyar wata an koma wurin mai awo.

Sai maganar bashi, wadda ta fi kowace zafi. Wata rana wani zai ce, "Ku auna mini, Malam, ranar Juma'a zan cika." Maƙwabci ne, kowa ya san halin da yake ciki, kunya za ta hana a ƙi. Idan aka yi wa ɗaya, wata mai zuwa uku ne, kuɗin buhu biyar ya koma na uku, Alhajin kasuwa ya janye raginsa. Ra'ayinmu a nan a fili yake: kuɗi kafin tafiya, ba bayan rabo ba. Wannan ba ya nufin a rufe wa mai ƙaramin ƙarfi ƙofa, don shi aka fi yi wa abin. A ba shi damar ɗaukar rabin kaso ko rubu'i. A ba shi damar zuba ɗari biyar-biyar kullum kamar adashi, a rubuta, har ranar tafiya. Wanda ya ga zai iya ranta wa ɗan'uwansa, ya ranta masa daga aljihunsa, tsakaninsu ne, littafin ƙungiya bai san da shi ba.

Mai shagon unguwa fa?

Zai ji a jikinsa idan gida goma suka daina awo a wurinsa, kuma shi ne mai ba da bashin sukari da tsakar dare ranar da aka yi baƙi. Bai kamata a mai da shi abokin gaba ba. Sau da yawa ma shi ya fi dacewa a fara yi wa tayi. Yana zuwa sari duk mako, ya san 'yan kasuwa, motarsa ɗaya. A ce masa, "Ga kuɗin buhu biyar a hannu, ka haɗo mana da kayanka, mu ba ka kaza a kan kowane buhu." Ya sami riba ba da jarinsa ba, ƙungiya ta huta da kuɗin motar wakilai. Sai dai a riƙa aika wani yana jin farashin kasuwa lokaci-lokaci.

Game da rajista kuwa, gida biyar zuwa goma sha biyar ba sa bukatar wata takarda, littafi da amana sun isa. Idan abin ya girma har ana son asusun banki da sunan ƙungiya ko hayar sito, sai a je sashen ƙungiyoyin gama-kai na jiha a yi rajista. Najeriya tana da dokar irin waɗannan ƙungiyoyi tun 1935, kuma dokar tarayya ta 1993 ta nemi aƙalla mutum goma kafin a yi wa ƙaramar ƙungiya rajista.

Aiki

1. A sake lissafin masara na sama, amma a ce buhu ɗaya aka sayo a kan 44,000, sauran kuɗaɗen ba su sauya ba, ya kuma ba da kwano 38. Nawa kwano ya tashi?

2. Jarkar mai ta lita 25 ta iso gida a kan naira 60,000. Gida takwas sun ɗauki lita uku-uku, lita ɗaya ta rage. Nawa kowane gida zai biya, kuma me ya kamata a yi da ragowar?

3. Mutum biyu su fito gaban aji, ɗaya ɗan kasuwa, ɗaya wakilin gida goma, su yi cinikin buhun wake uku. Sauran su faɗi maganar da ta sa aka yi ragi, ko wadda ta hana.

4. Aikin gida: kowa ya rubuta kayan abinci uku da gidansa ya fi saye, da yawan da ake ci a mako, da farashinsu a unguwa. Mutum biyu daga aji su jiyo farashin buhu ko katan na waɗannan kaya a babbar kasuwa mafi kusa, a kawo ranar darasi na gaba.